Abin da masu horarwa za su koya daga kakar LSU ta 2019

Da aka tattauna kakar 2019 ta ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar LSU da ke Louisiana, wadda ta ci wasanninta 15 duka, shawarar da ta fi yawa ita ce kada mai horarwa ya yi saurin yanke wa ɗan wasa hukunci. Joe Burrow, ɗan wasan da ke jefa wa 'yan uwansa ƙwallo, ya sha zaman benci a ƙungiyar Jami'ar Ohio State. Da ya koma LSU a 2018, jifansa 16 kacal suka kai ga ci. Sai babban mai horar da LSU, Ed Orgeron, ya ɗauko Joe Brady a matsayin mataimaki, aka sake salon kai hari, aka buɗe fili ga masu cafe ƙwallo irin su Ja'Marr Chase da Justin Jefferson. A 2019 jifan suka kai 60, Burrow ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, suka doke Clemson 42 da 25 a wasan ƙarshe. Wannan shawara ta fi kama mini hankali, domin yaron bai canza ba, tsarin ne ya dace da shi.

Wasu kuma suka ce a riƙa renon na baya tun ana cikin nasara. An ɗauki 'yan wasan LSU 14 zuwa NFL, wato gasar ƙwararru, Brady ma ya tafi, a 2020 suka ci 5 aka ci su 5.