Bitoque na Fotugal a gida, ya ake yi?

Amarya: Salam 'yan uwa, dan Allah wa ya iya bitoque? Naman nan na Fotugal mai soyayyen ƙwai a kai, ina son yi wa maigida amma ance da giya ake haɗa romon.

Uwargida: Wslm ƙanwata, bar giyar, ruwan nama da ɗan lemon tsami ya wadatar. Ki yanka naman shanu falan-falan ki buga shi yayi laushi, gishiri da tafarnuwa da yawa, kasko yayi zafi sosai ki soya da man zaitun da bota minti 2 kowane gefe kar ya bushe.

Mai girki: Ƙwan kar ki bari gwaiduwar ta daskare, ita ke haɗuwa da romon. Su 'yan Fotugal da shinkafa da soyayyen dankali suke ci. Bife à portuguesa kuma, wani girkin naman nasu mai kama da bitoque, naman alade ake ɗora masa, ki kula.