Wai garkuwar jiki harbi take yi ko huda?

Abba Micro: Wallahi yau malami ya ɓata min rai, na rubuta a tes cewa furotin ɗin complement, wato na garkuwar jiki da ke cikin jini, suna harbe bakteriya, kawai ya ja min jan biro ya ba ni 2 cikin 10. Alhali furotin ɗin duk na jero su daidai, C5b ya kama C6 da C7 su manne a fatar ƙwayar cutar, C8 ya shigo ya kafe, sai C9 su yi ta zuwa har kusan 18 su yi zobe rami ya buɗe. To me ya rage?

Dr Sadiya: "Harbe" fa ka ce ƙanina. Ba harsashi ba ne, a jikin fatar ake haɗa abin ɗaya bayan ɗaya kamar masu jera bulo a bakin rijiya. Huda ce.

Abba Micro: Anti ai sunansa membrane attack complex, attack kuma hari ne

Nura Pharm: hari daban harbi daban, koma firamare malam 😂

Maman Ilham: Da perforin ka ce da sauƙi, shi furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki na NK ke fesawa tare da wani furotin, granzyme. Na complement kuwa yawancinsu hanta ke yin su suna yawo a jini.

Abba Micro: Dama ku 'yan MBBS masu karatun likita haka kuke, komai ɗan micro mai karatun ƙwayoyin cuta ya faɗa sai kun gyara. Jules Bordet da ya gano aikin complement har ya ci Nobel a 1919 ai namu ne

Dr Sadiya: Likita ne shi ma, je ka duba.

Bello K: Ni tambaya ce da ni, gaskiya ne wanda ya rasa C5 zuwa C9 sanƙarau na yawan kama shi? Kuma me ya hana ramin ya fasa namu jinin?

Maman Ilham: Haka ne, Neisseria, bakteriyar da ke kawo sanƙarau, ke samunsu. Namu kuma furotin ɗin CD59 da ke fatar ƙwayoyinmu ke tare C9 ya hana zoben haɗuwa.

Nura Pharm: wa ya ce ma ni MBBS ne? ka iya bakinka Abba

Admin Sani (Micro 400L): To a taƙaice kowa ya yarda Abba ya yi daidai, harbi da huda duk rami ne, masu ja hassada ce kawai. Abba ka kai takardarka a sake dubawa.

Dr Sadiya: Waye kowa?