Fim ɗin "horo" ko fim ɗin ban tsoro? Mu tsayar da suna ɗaya

Jama'a, tun shekaranjiya da na yi tambaya kan sunan da ya dace da fina-finan da Turawa ke kira horror, amsoshi suke ta shigowa. Na karanta su duka, na gode. Ga inda na tsaya.

Abin da ya tada maganar a gidanmu ya faru. Ɗan yayata ne ya shigo da waya a hannu yana murna, ya ce, "Kawu, an turo mini sabon fim ɗin horo." Hajiyarmu tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, sai ta ɗago kai ta ce, "To madalla, Allah ya sa horon ya shige ka." Ita ta ɗauka fim ne na tarbiyya. Kuma ba ta yi kuskure ba, don horo a Hausa yana da mai shi: horon soja, horon yaro, horo da alheri da hani ga mummuna. Ban ƙi aro ba. Mota, rediyo, har shi kansa fim duk aro ne, kuma sun zauna daram. Amma aron da zai zo ya sauka a ɗakin da akwai mutum a ciki, wannan ba zai zauna lafiya ba. A rubuce ma abin ya fi muni, don babu yadda mai karatu zai bambance su.

Da yawa daga cikinku kun ce "fim ɗin aljanu". Na fahimci dalili, don mu abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Kuma akwai inda sunan ya dace ɗas. The Exorcist na 1973 labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da aka shiga jikinta, limaman Katolika biyu suka zo yi mata irin tasu ruƙiyyar. Wannan fim ɗin aljanu ne, ko tantama babu. To amma Psycho na Alfred Hitchcock fa, wanda ya fito a 1960? Babu aljani ko ɗaya a cikinsa, mutum ne da wuƙa a wani masauki na gefen hanya. Haka Halloween na John Carpenter, 1978, da aka yi da kuɗin da bai fi dala 300,000 da ɗan ɗoriya ba: mutum ne sanye da fuskar roba da masu fim ɗin suka sayo a kanti suka shafa mata farin fenti. Idan muka ce duka na aljanu ne, mun bar rabin garken a waje. "Fim ɗin fatalwa" ma matsalarsa ke nan, ya ma fi ƙunci.

Wani malami ya kawo "fim ɗin tada tsikar jiki", kuma wallahi ya burge ni, don ko ya sani ko bai sani ba ya taɓo tushen kalmar horror. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin gashin jiki ya miƙe tsaye. Sai dai mu tsikar jikinmu ba tsoro kaɗai ke tada ta ba. Ƙira'a mai daɗi a sallar Tahajjud tana tada ta, labarin maraya yana tada ta. Ga kuma tsawo. Yaro ba zai tsaya a shagon masu tura fim yana jero kalmomi biyar ba.

Ni dai na tsaya a kan "fim ɗin ban tsoro". Na san wasu za su ce ai wannan ba sabon abu ba ne, to ƙarfinsa ke nan. Harshen ya riga ya shimfiɗa layin: fim ɗin ban dariya, fim ɗin ban tausayi, labarin ban al'ajabi. Kowanne yana faɗin abin da aka nufa mai kallo ya ji. Ban tsoro ya shiga sahun ba tare da an matsa wa kowa ba, kuma da Hajiya da jikanta duk za su gane shi a jin farko.

Wata 'yar'uwa ta ce sunan ya yi faɗi, tunda fim ɗin yaƙi ma yana ba da tsoro. Gaskiya ne, 'yar'uwa. Amma fim ɗin soyayya ma yakan ba da dariya, ba mu taɓa kiransa na ban dariya ba. Niyyar mai fim ake dubawa.

Inda na fi so mu daɗe shi ne cikin gidan, wato ire-iren tsoron kansa, don a nan Hausa ta fi wadata. Wata marubuciyar Ingila, Ann Radcliffe, tana da rubutu da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, inda ta raba tsoro biyu: wanda ke farkar da hankali kafin ka ga abin, da wanda ke daskarar da kai bayan ka gani. Mu muna da su tuni. Fargaba ita ce lokacin da yarinya ke saukowa daga bene cikin duhu, kiɗa ya yi ƙasa, kai kuma ka ƙanƙame matashi. Firgita ita ce sa'ad da fuska ta faɗo allo kwatsam, kofin shayi ya kife. Razana ta fi firgita nauyi, ita ce ke bin ka har shimfiɗa, ta hana ka fita kewaye da dare. Ƙyanƙyami kuma na masu jini da yanke-yanke ne, waɗanda ni ba na iya kallo. Don haka mai sharhi zai iya cewa, "Fim ɗin ban tsoro ne, amma fargaba ta fi yawa, firgitarwa kaɗan ce." Magana ta fita sarai, babu kalmar aro sai fim.

Sai lokacin da ake yayinsu. A Amurka duk watan Oktoba nasu ne. Ana kafa kwarangwal na roba a ƙofar gida, a rataya yanar gizo-gizo ta ƙarya, a fafe kabewa a yanka mata ido da baki a kunna kyandir a ciki. Masu tsananin so sukan ɗaura aniyar kallon fim 31 cikin dare 31, har zuwa daren 31 ga wata, daren bikin da suke kira Halloween. Bikin ya samo asali ne daga mutanen Ailan da Sikotilan, su suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Shi bikin mu bar masa sunansa, Halowin. An ce "tashen Turawa", saboda yara na yin shigar ban mamaki suna bi gida-gida ana ba su alewa. Akwai kama, amma tashe na watan azumi ne, ba na so mu ba da aron sunansa. "Sallar aljanu" kuwa kada ma a fara.

Shi lokacin gaba ɗaya ina ba da shawarar "kakar ban tsoro". Oktoba dama kaka ce a wurinmu, gero ya shigo gida. Kuma 'yan jarida sun riga sun buɗe hanya da kakar wasa da kakar zaɓe. Wani zai ce ai wannan ma tana iya rikicewa da kaka mai jikoki. Haka ne, amma duka biyun namu ne, kunne ya saba raba su, ba wanda ya taɓa jin kakar wasa ya nemi tsohuwa.

Saura guda ɗaya da ta gagare ni: gawarwakin nan masu tashi suna cin mutane, irin na fim ɗin George Romero na 1968. Ba fatalwa ba ce, don fatalwa ba ta da gangar jiki, su kuwa gangar jiki ce kawai ba hankali. Ba maye ba ne, don maye rayayye ne. "Matattu masu tafiya" ya yi mini tsawo. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ko akwai wata kalma a bakin tsofaffinku?