Zan kai yara taron wasan sojojin tebur a Landan, ina neman shawara

Baban Abba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Barking, gabashin Landan. Ɗana Abba mai shekara 11 ya kamu da wani wasa a makarantarsu: 'yan sojojin roba ne da ba su wuce gaɓar yatsa ba, shi zai haɗa su da gam, ya shafa musu fenti, sai a jera a tebur a gwabza yaƙi da ɗan ludo da tef ɗin awo. Tun watan jiya ya hana ni sakat, sai na kai shi Salute, babban taron masu wannan wasa da ake yi a zauren taro na ExCeL wata Asabar cikin Afrilu. Na riga na amsa, alkawari kuwa kaya ne. Damuwata, mahaifiyarsu tana aiki ranar, dole in tafi da ƙanwarsa Ummi mai shekara 6, ita kuma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Wa ya taɓa zuwa da yara? Wurin ya dace da su kuwa?

Maman Sadik:

Wa alaikumus salam Baban Abba. Sau biyu na kai nawa. Daga wajenku ba nisa, tashar Custom House tana bakin ƙofar ExCeL, jirgin DLR da na layin Elizabeth duk suna tsayawa nan. Yini ɗaya ake yi, kuma wata ƙungiyar masu wasan ce mai suna South London Warlords take shiryawa.

Abin da za ka fara koya wa Ummi tun daga gida: ido ke gani, hannu a aljihu. Wani dattijon ya yi wata da watanni yana fentin rundunarsa soja ɗaya bayan ɗaya, mashi da tuta kuwa taɓawa kaɗan suke karyewa. Teburan iri biyu ne, akwai na nuni da kallo kawai ake yi, akwai waɗanda aka shirya don baƙo ya zauna ya buga. Irin na biyun za ku nema. Ka tambayi mai teburin minti nawa wasan yake ci kafin ku zauna, don wani rabin awa ne, wani kuwa sai ya cinye muku yamma. Su da kansu suke koya wa yaro, ba sai ya san doka ba.

Ku tafi da abincinku da ruwa. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka saka wa yarinyar a aljihu, teburan sun fi ta tsawo, cikin cunkoso ba za ka hango ta ba. Sannan ka ba Abba kuɗinsa a hannu tun a gida, ka ce in sun ƙare sun ƙare. Masu sayar da kaya sun cika zauren.

Basakkwace a Nottingham:

Yaya Baban Abba, ni kaina ina wannan wasa, kuma garin da nake shi ne cibiyar abin. Nan kamfanonin da ke ƙera sojojin suke: Games Workshop masu wasan Warhammer, da Warlord Games da Perry Miniatures. Shawarar Maman Sadik ta wadatar ta fuskar shiri. Ni wani abu daban zan ja hankalinka a kai.

Ba dodanni da sojojin sararin sama kaɗai za ku gani ba. Akwai teburan tarihi, kuma Turawan nan suna son yaƙe-yaƙen mulkin mallaka: Zulu na 1879, da na Mahadi a Sudan. Ranar da na fara ganin teburin Omdurman, yaƙin 1898, Ansar, mayaƙan Mahadi, sanye da jibba mai faci-faci suna tunkarar bindiga mai ruwa, ana jefa ɗan ludo ana kwashe su da hannu ana mayarwa cikin kwali, wallahi sai da gabana ya faɗi. Sakkwato na tuna. Bindigar nan ce aka kafa wa mutanenmu a Giginya a watan Maris na 1903, bayan Kano ta faɗi a Fabrairu, kuma a Yulin shekarar Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, zuriyarsu na nan a Mai Wurno ta Sudan, bakin kogin Shuɗin Nilu.

Ban bar teburin ba. Na tsaya muka yi hira da mai shi, na tarar ya karanci tarihin Mahadi sosai, amma bai taɓa jin sunan Burmi ba. Na ba shi labari, ya ɗauko biro ya rubuta. Don haka kada ka janye Abba in kun iso irin wannan tebur. Ka ba shi labarin tun a gida, ya ji daga bakinka kafin ya gani a tebur.

Abu Hafsa:

Allah Ya saka da alheri. Ƙarin da zan yi ta fuskar addini ne. Malamai sun yi magana a kan wasa da ɗan ludo saboda hadisin nardu, wani wasa da ake yi da irin ɗan ludon, wasu sun tsananta ko da babu kuɗi a ciki. Batun siffofi kuma akwai sassauci ga kayan wasan yara, saboda 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ranar. Kuma Azahar za ta same ku a can, ka tafi da darduma.

Baban Abba:

Na dawo in yi godiya, mun je jiya. Na ga malaminmu tukuna kamar yadda Abu Hafsa ya ce, na kuma yi abin da ya umarce ni. Ummi ta riƙe dokar hannu a aljihu kusan awa ɗaya, daga nan ta fara ƙorafin ƙafa. Allah Ya haɗa mu da wani tebur da ake ba yara soja ɗaya da buroshi su yi fenti. Ta zauna shiru minti arba'in, ta yi wa nata shuɗiyar riga, ta hana kowa taɓawa har ya bushe.

Malam Basakkwace, mun ga teburin Sudan. Daren Juma'a na ba Abba labarin Attahiru, sai ga shi ya tsaya ya tambayi mutumin ko zai iya riƙe ɓangaren masu jibba. Aka ba shi mahaya raƙuma. An ci su, amma ya kai su har gindin bindigar kafin a kwashe na ƙarshe. Kuɗinsa duka ya sayi kwalin Ansar na roba. Yanzu tambayarsa, in ya yi musu rawani da babbar riga, za su iya zama mayaƙan Sakkwato? Da me ake yin rawani a kan soja ƙarami haka?

Basakkwace a Nottingham:

Akwai wani ƙulli mai kala biyu, shuɗi da rawaya, in ka murza su tare ya koma kore, Green Stuff ake ce masa. Ya mulmula shi siriri kamar taliya, ya naɗa a kan sojan da tsinken sakace, yana jiƙa tsinken da ruwa don kada ya manne. Ya bar shi ya kwana kafin fenti. In soja mai doki ne, ka turo mini hoto in nuna masa yadda ake yin lifidi.