Shekarar farko a sashen harkokin kasuwanci: ina ɗalibai ke zubar da maki?

Sabuwar Ɗaliba

Assalamu alaikum. An ba mu gurbi a sashen gudanar da harkokin kasuwanci, rajista ta kankama. Kowa sai cewa yake kwas ne mai sauƙi, hadda kawai ake yi. Don Allah malamai da yayyenmu da suka wuce wannan mataki, a faɗa mana takamaiman wuraren da ake faɗuwa, da abin da ke jawo hakan.

Malamin Akantin

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wanda ya ce miki hadda ce kawai bai ga sakamakon akantin na aji ɗaya ba. A nan ne kariyoba, wato faɗuwa kwas a sake shi baɗi, ta fi yawa, kuma matsalar daga makon farko take farawa, daga debit da kiredit, wato ɓangaren hagu da na dama na kowane asusu. Ɗalibi ya saba in kuɗi sun shigo masa waya ta nuna kiredit, sai ya ɗauka duk kuɗin da suka shigo kiredit ne. Wancan saƙon daga littafin banki yake, a wurinsu ke ce mai bin bashi. A naki littafin kuwa, kuɗin da suka shigo debit ne. Wanda bai warware wannan a kansa ba, duk lejar, wato littafin asusu, da zai buɗe a juye za ta fito.

Ki riƙe ma'auni ɗaya: kadara daidai take da bashi a haɗa da jari. Mutum ya buɗe shago da naira 500,000, ya karɓo kaya na 200,000 bashi. Kadararsa 700,000 ke nan, bashi 200,000, jari 500,000. In ya ɗebi 30,000 daga aljihun shago ya yi cefanen gida, wannan ba kashe kuɗin kasuwanci ba ne, jarinsa ya rage, kuma yana da nasa asusun daban. Ɗalibai da yawa cikin kuɗin gudanarwa suke jefa shi, riba ta fito ƙasa da yadda take.

Kowace mu'amala ki yi mata tambaya uku kafin ki ɗora biro: waɗanne asusu biyu ta taɓa, kowanne wane iri ne, ƙaruwa ya yi ko raguwa. Kadara da kuɗin da aka kashe suna ƙaruwa ta debit. Bashi da jari da kuɗin shiga suna ƙaruwa ta kiredit. Tsarin nan tsoho ne, tun 1494 Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce a Italiya, bai canja ba.

Tsohuwar Akanta

Malam ya gama magana a kan tushe. Ni zan ƙara a kan tirayal balans, wato jadawalin da ake jera ragowar kowane asusu a ga ko ɓangarorin biyu sun zo daidai. In ya ƙi daidaita a ɗakin jarrabawa, kada ki soke komai ki faro daga farko, lokaci ba zai isa ba. Fitar da bambancin tukuna. Raba shi biyu, ki duba ko akwai adadi mai wannan girman: in bambancin 16,000 ne, nemi wani 8,000 da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba. In wannan bai yi ba, raba bambancin da 9. In ya rabu ba saura, yawanci lambobi aka juya, kamar a rubuta 4,500 a maimakon 5,400, bambancin 900.

Sai dai daidaitarsa ba ta nufin aikin ya yi kyau, kuma tambaya ce da malamai ke so. An sayi janareta don shago aka shigar da shi cikin kayan sayarwa, zai daidaita. An manta da mu'amala ɗungurungum, zai daidaita. An rubuta bashin wani kwastoma a asusun wani, zai daidaita. Haka nan in kuskure biyu suka rufe wa juna asiri.

Babban ramin kuma shi ne ƙarin bayanan da ake jerowa a ƙasan tambaya. Kowanne sau biyu yake shiga, ɗaya a lissafin riba, ɗaya a bayanin kadara da bashi. Misali an biya hayar shekara 240,000 ranar 1 ga Oktoba, ana rufe littafi 31 ga Disamba. Wata uku kawai aka ci, don haka 60,000 ce kuɗin hayar bana, sauran 180,000 kadara ce, biyan gaba. Masu sauri sukan zuba 240,000 gaba ɗaya. Raguwar darajar kaya ma haka: janareta na 600,000, ana sa ran sayar da shi 60,000 bayan shekara 5, kowace shekara 108,000 ke nan. Wanda ya manta bai cire 60,000 ɗin ba zai samu 120,000, kuma daga nan duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Mai Tutoriyal

Lissafin kasuwanci ne na biyu wajen kayar da mutane, musamman waɗanda suka rabu da lissafi tun jarrabawar WAEC ko NECO. Ba wani abu mai zurfi ba ne, kashi cikin ɗari ne, da ruwan bashi, da ɗan aljebra. Abin da ke rikita su kalmomin tambaya ne. An sayo kaya 8,000 an sayar 10,000, riba 2,000. In aka auna ta da kuɗin saye, kashi 25 ce. In aka auna da kuɗin sayarwa, kashi 20 ce. Duk biyun daidai ne, sai ka san wanne aka tambaya.

Sai inda ciniki ke mayar da kuɗi, ba riba ba faɗuwa. Mai yin takalma yana biyan haya da albashi 90,000 a wata, ko ya ɗinka ko bai ɗinka ba. Kowane takalmi yana cin 900, yana sayar da shi 1,500. Abin da kowane ɗaya ke bari 600 ne, to sai ya sayar da 150 kafin ya rufe 90,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba 90,000 da 1,500, a samu 60.

A sayi kalkuleta ta kimiyya tun makon farko, a saba da ita. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma kalkuletar aro ranar jarrabawa takan ci amanar mutum. Sannan a riƙa nuna matakan aiki, domin akasarin makin a kansu yake, amsar ƙarshe kaɗan take ɗauka.

Sabuwar Ɗaliba

Na gode ƙwarai. Malam, ruwan bashin nan fa, dole ne sai an koya?

Mai Tutoriyal

Dole ne, yana cikin manhaja kuma yana fitowa. Naira 100,000 a kan kashi 10 na shekara 3: in ruwan bai hau kan ruwa ba 130,000, in yana hawa 133,100. Koyon lissafin daban, cin ruwan daban. Ko mai aiki a bankin Musulunci irin Jaiz yana buƙatar sanin yadda ake auna darajar kuɗi da lokaci kafin ya tsara cinikin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince.

Lakcara a Sashe

Ina da ɗan ja da masu cewa kwasa-kwasan bayani ba sa kayar da kowa. Ba kasafai suke ba da F ba, gaskiya ne, amma su ne ke cika takarda da C da D, kuma su ne suka fi yawa. A ƙa'idojin gudanarwa kowa ya haddace ƙa'idoji 14 na Henri Fayol na 1916, da Taylor, da Weber, da matakan buƙatu na Maslow, da ra'ayin X da Y na McGregor. In tambaya ta ce a lissafo, shi ke nan. In ta ce a tattauna ko a bambance, jeri ba zai kai ka ko'ina ba. Ana so ka faɗi ma'ana, ka kawo misali, ka nuna inda abin ke da rauni. Ƙa'idar cewa ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya, ga yadda ake karya ta a kowane shagon iyali, inda yaron shago ke jin magana ɗaya daga Alhaji, wata daban daga babban ɗansa. Layi biyu irin wannan sun fi shafi guda na hadda.

A yi hattara kuma da tsofaffin handawut a darasin ire-iren kasuwanci. Da yawa a kan dokar kamfanoni ta 1990 aka rubuta su, suna cewa sai mutum biyu ke kafa kamfani. Sabuwar dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa, ta sa mafi ƙarancin jarin hannun jari 100,000 gare shi, 2,000,000 ga kamfanin da jama'a ke sayen hannun jarinsa. A san kuma bambancin rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC: na farko bai raba dukiyar mai shi da bashin kasuwancin ba.

Ɗan Tattalin Arziki

Nawa gajere ne. A tattalin arziki, rabin ajin ba sa bambance tafiya a kan layin buƙata da gusawar layin gaba ɗaya. Farashin kaya ya tashi mutane suka rage saye, tafiya ce a kan layi. Babbar Sallah ta gabato kowa yana neman rago a kowane farashi, layin ne ya gusa dama. Zana hoton da rula, farashi a tsaye, adadi a kwance, ka sa wa kowane layi suna. Hoton da ba suna ba ya samun maki.

Jami'in Jarrabawa

Bari in nuna muku abin da duk wannan ke yi wa sakamako. A ma'aunin maki biyar, A daga 70 ce tana da 5, B daga 60 tana da 4, C daga 50 tana da 3, D daga 45 tana da 2, E daga 40 tana da 1, ƙasa da 40 F ce. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba shi, a tara, a raba da jimlar yunit. Ɗalibi ya ɗauki yunit 20 ya ci B a duka, 80 a raba da 20, yana da 4.00. In kwas ɗaya mai yunit 3 ya zama F, ya koma 68 a raba da 20, wato 3.40. Kwas ɗaya ya sauko da shi ƙasa da 3.50, iyakar babbar daraja ta biyu. Kuma a jami'o'i da yawa F ɗin ba ya gogewa ko an sake kwas ɗin an ci, ga shi zai cinye wuri a rajistar baɗi, tunda akwai iyakar yunit da ake ɗauka a zango, galibi 24.

Tes da aikin gida suna ɗaukar maki 30 ko 40, ya danganta da jami'a. Wanda ya shiga jarrabawa da 8 cikin 30 sai ya samo 42 cikin 70 kafin ya taɓa C. Akwai kuma sharaɗin halartar kashi 75 na lacca, wasu malaman suna aiki da shi sosai.

Tsohuwar Akanta

Ƙari a kan na Malam Jami'i: tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar jami'o'i mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, lambobin wasu kwasa-kwasai da yunit ɗinsu sun canja. Kada ki kwafi fom ɗin rajistar wanda ya girme ki da aji biyu. Je wurin malamin da ke kula da ajinku ya duba ya sa hannu, ki yi hoton fom ɗin kwafi biyu ki ajiye. Kwas ɗin da kika zauna jarrabawarsa ba ki yi rajistarsa ba, sakamakon ba zai hau ba. Wanda kika yi rajista kuma ba ki zauna ba, F za a rubuta, sai in kin cire shi kafin wa'adin ƙari da ragi ya wuce.