Za a sallamo Hajiya daga asibiti, ta ina za mu fara?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu, shekararta 78, ta samu shanyewar ɓarin jiki, jibi za a sallamo ta. Ba ta iya juyawa da kanta, tana ƙwarewa in ta sha ruwa, ga robar fitsari. Don Allah masu sani, me za mu tanada?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar uwa, gyambon kwanciya za ku fara tsoro, wato ciwon da ke fitowa a fata in mutum ya daɗe kwance a ɓari ɗaya. Ku riƙa juya ta duk bayan awa 2, har da dare, don haka ku raba kwana tun yanzu. Kullum ku duba diddige, kwatangwalo, allon kafaɗa da ƙarshen ƙashin baya. In wuri ya canza launi, ya yi zafi ko tauri, ku ɗauke nauyi daga kansa. Kada a murza shi da man zafi, murzar ƙara ɓata naman take. Ku sa matashi ƙarƙashin sha raɓa yadda diddigen zai rataya bai taɓa katifa ba. Wajen gyara mata kwanciya, mutum biyu su ɗaga ta da zanin gado, ba a jan ta. Ledar da ake shimfiɗawa kan katifa kuma kada ta taɓa fata, gumi take tarawa. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara, amma ba a kan daɓe ba, a zubar kafin ta cika.

Likitan Gashin Ƙashi:
Ƙwarewar nan ba ƙaramin abu ba ce, ita ke jefa abinci cikin huhu har ya zama nimoniya. Kafin ku fito, ku nemi a gwada haɗiyarta. A gida a zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, sai ta haɗiye a ƙara, sannan ta zauna minti 30 kafin a kwantar. Ruwa tsinkakke ya fi kunu mai kauri saurin ƙware mutum. Ku duba kuncin ɓarin da ya shanye, abinci na maƙalewa a nan. Kuma kada a ja ta da shanyayyen hannun, kafaɗar na iya gocewa.

Mai Haɗa Magani:
Ku tattara duk magungunan da ke gida ku kai wa likita ranar sallama, ya ware na ci gaba da na dainawa. Sau da yawa maganin hawan jini ɗaya ne da sunan kamfani biyu, a haɗa mata, jini ya faɗi. In tana shan na suga kuma ta ƙi abinci, a auna sugan jininta kafin a ba ta maganin.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na manta. In ta rikice farat ɗaya, tana sambatu ko barci ya yi yawa, kada a ce tsufa ne ko iska. Sau da yawa ciwon sanyin fitsari ne, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa, ko da jiki bai yi zafi ba. A mayar da ita asibiti ranar.

'Yar Auta:
Allah ya saka da alheri. Robar fitsarin fa, bayan kwana nawa ake canzawa?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ya danganta da irinta. Su rubuta muku ranar a takardar sallama, ku kuma tambaya ko za a iya cire ta gaba ɗaya.