Ina neman shawara: likitan yara ya ce ciwon 'yata ba na sikila ba ne kaɗai

Maman Ummi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon wannan rubutu, domin abin ya cika mini ciki. Yarinyar da zan yi magana a kanta 'yar yayata ce, amma ni na riƙe ta tun tana da shekara huɗu, bayan Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa wajen haihuwa. Mahaifinta direban babbar mota ne, ya sake aure, kuma ko da yake yana aiko da abin da ya samu, matarsa ba ta taɓa nuna tana son yarinyar ta koma can ba. Da kuɗin ɗinkin da nake yi na sa ta makaranta, na saya mata magani, na kwana da ita a asibiti a lokutan da babu wanda ya leƙo mu. Tana da sikila, an gano tun tana ƙarama, kuma har yau a sashen yara na wani asibiti a nan Kano ake duba ta. Yanzu shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare.

Tun bayan babbar Sallah ciwonta ya yawaita. Ga ciwon kai, ga ciwon ciki, ta rame, ba ta barci, kuma ni duk na ɗauka sikilar ce. Kwanakin baya ta ce ba ta ji sosai da kunnen hagu, na kuma ga ɗan jini a matashin kanta. Da muka je asibiti likitan ya duba ta, sai ya roƙe ni in ba su wuri, ya bar nas mace a ciki. Da aka kira ni, ya ce yarinyar ta yarda ya gaya mini cewa dodon kunnenta ne ya fashe sakamakon mari, cewa akwai shatin yatsu a damtsenta, kuma wanda yake zuwa zance wurinta ne ya yi. Ya ce kada ruwa ya shiga kunnen, mu dawo a sake dubawa, kuma yana so ya haɗa mu da ma'aikaciyar walwalar jama'a ta asibitin. Ban koma ba. Tambayata ita ce, shin daidai ne likita ya keɓe da yarinya ya yi mata irin waɗannan tambayoyi? Kuma in gaya wa mahaifinta ko in rufe?

Baban Sadik

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri kan riƙon marainiya. Mahaifinta shi ne waliyyinta, ba ki da ikon ɓoye masa wannan magana, kuma ranar da ya ji a bakin wani ke ce za ki zama mai laifi. Ki kira shi tun yau.

Anti Nas

Maman Ummi, na yi aikin jinya har na yi ritaya, don haka ki saurare ni da kyau. Abin da likitan ya yi shi ne ƙa'idar aiki. Ana koya wa likitocin yara su ware ɗan lokaci da matashi shi kaɗai, domin yarinya ba za ta taɓa faɗin irin wannan a gaban wadda ta raine ta ba, kuma kin ce da bakinki ya bar nas a ɗakin, ya nemi yardarta kafin ya gaya miki. Wanda ya kamata ki tuhuma shi ne wanda ya ɗaga hannu.

Dodon kunnen da mari ya fasa yawanci yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku, amma sai an kiyaye shi daga ruwa kuma an koma an duba, domin idan ya kama ruwa ya fara fitar da mugunya, ko ramin ya ƙi rufewa, jinta zai iya raguwa har abada. Mai sikila kuma ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Sannan tashin ciwon sikila yana da abubuwan da ke jawo shi, kamar sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓi, da tashin hankali. Yarinyar da ke kwana cikin fargaba, ba ta ci ba ta sha yadda ya kamata, dole ciwonta ya riƙa tashi. Ki tambaye ta a hankali, ku biyu kawai, ko ya taɓa shaƙe mata wuya. Wannan tambaya ta fi maganar kunnen muhimmanci a wurina.

Maman Khalifa

Wallahi ina karantawa ina hawaye. Ni ma kafin aurena wanda na aura ya taɓa murɗe mini hannu a zaure saboda na gaisa da ɗan maƙwabcinmu. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce kishi ne, alamar so ce, kuma an riga an karɓi kayan sa rana, ba za a kunyata gida ba. Abin da na gani a gidan nan ba zai faɗu ba. Yau ina zaune a gidanmu da 'ya'ya uku, ko kuɗin makarantarsu ba ya aikowa, kuma dangin da suka ce in yi haƙuri su ne yanzu suke cewa ban iya zaman aure ba. Har ƙanwarsa ta zo ta kwashe kayan ɗakina da sunan nasu ne.

Hajiya Babba

Ku bi a hankali, kada ku rusa wa yarinya rayuwa da zafin kai. Maganar gida a gida ake kashe ta. Da zarar an shigar da ma'aikata cikin zancen, gobe unguwa ta ɗauka, kuma kun san yadda mutane suke da mai sikila, da ma ba kowa ke son ɗauka ba. A kira manyan yaron a ja masa kunne, in da hali a matso da bikin, domin dogon zance shi ke kawo irin wannan raini. Kunnen kuma a ɗiga mata man zaitun mai ɗumi, mu da shi muka tashi.

Anti Nas

Hajiya, da girmanki, kada a ɗiga komai a kunnen nan, ko man zaitun ko na habbatus sauda ko maganin kemis, sai abin da likita ya rubuta. Kunnen da dodonsa ya huje, duk abin da aka zuba wucewa yake yi ciki. Maganar matso da biki kuwa, wanda ya fasa mata kunne a ƙofar gidan da take, inda mutane ke wucewa, me zai hana shi idan an kai masa ita ɗaki?

Maman Ummi

Na gode muku duka, amma ina ganin ba ku fahimci halin da nake ciki ba. Yaron ba baƙo ba ne, ɗan yayan maigidana ne, a gabana ya girma, shekararsa 19 kacal. An yi masa gwaji, jininsa AA ne, kuma ya san ciwonta ya ce ya ji ya gani. Kun san tun 2024 akwai dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, kuma masu nema biyu sun janye tun kafin a je ko'ina da suka ji tana da sikila. Ban koma asibiti ba ne domin ina tsoron a rubuta sunansa a takarda, maganar ta kai ga maigidana ta wata hanya, aurena ya shiga ciki. Yaron ya zo ya durƙusa yana kuka, ya ce saƙon wani ɗan ajinsu ya gani a wayarta. Na karɓe wayar, kuma tun lokacin ban ga wani sabon abu a jikinta ba. Ni na san abin da na sha a kan yarinyar nan, ba wanda zai ce ba na ƙaunarta.

Anti Nas

Ba wanda ya ce ba kya ƙaunarta. Amma ki duba abin da kika rubuta: shi ya yi mari, ita aka karɓe wa waya. Yanzu idan ya sake, da me za ta kira wani? Binciken waya, hana ta magana da 'yan ajinsu, duka, sannan kuka da neman gafara, wannan tsari ne da muka sha gani a asibiti, kuma yakan maimaitu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2024 cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan matan da suka taɓa yin saurayi ko miji sun fuskanci duka ko tilastawa daga gare shi kafin su cika shekara 20. Don haka 'yarki ba ita kaɗai ba ce, kuma likitan ba ƙirƙira ya yi ba. Jinin AA yana kare 'ya'yan da za a haifa daga sikila, amma ba ya kare uwarsu daga hannun ubansu, kuma mai sikila idan ta yi ciki tana buƙatar kulawa ta musamman da miji mai tausayi.

Ba ki amsa mini maganar wuya ba. Na nace ne domin shaƙa tana iya yin illa a ciki ba tare da an ga tabo a waje ba. Idan muryarta ta dishe, ko haɗiya tana yi mata wuya, ko kin ga jajayen ɗigo a farin idonta, asibiti za ki kai ta nan take, kuma namijin da ya kai ga shaƙe mace haɗarinsa ya wuce na mai mari nesa. Akwai kuma tambayar da ke da nauyi a baki, ko ya taɓa tilasta mata wani abu. Idan hakan ta faru, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da aka tanada domin irin wannan, suna duba lafiya, suna ba da shawara cikin sirri. A dokance ma yarinya ce, jihar Kano ta samu dokar kare yara tun 2023. Ni da 'yata ce, da tuni na kai shi gaban hukuma.

Malam Na Bakin Kasuwa

'Yar'uwa, ta fuskar addini maganar ba ta da ruɗani. Wannan yaro ba mijinta ba ne, ba shi da wani haƙƙi a kanta, kuma ko miji ne an hana dukan fuska. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Budurwa kuma ana neman izininta kafin a aurar da ita, don haka a tambaye ta ko har yanzu tana son sa. Sai dai ban goyi bayan zuwa wurin 'yan sanda ba tun da zumunci ne. Ki sanar da mahaifinta da maigidanki, idan abin ya gagara a je Hisba a yi sulhu a rubuce. Laifin ma namu ne iyaye, mun bar yara suna zance har dare babu mai sa ido, mun saya musu wayoyi, ga abin da nake faɗa wa mutanen unguwarmu kullum ba sa ji.

Yayan Fati

Malam, sulhun nan mun yi shi a kan ƙanwata, har da sa hannun dattawa, bai hana komai ba. Mu da muka ce a fasa aka ce mun fiye zafi, kuma har yau kawunmu ba ya amsa gaisuwata.

Hajiya Babba

Kowa da irin tasa ƙaddarar. Yaro ɗan shekara 19 yana iya gyaruwa idan manya suka tsaya. Nas tana magana kamar a asibiti ake zaman duniya.

Maman Ummi

Anti, na ji bayaninki, kuma ban ɗiga mata komai ba, auduga nake sa mata idan za ta yi wanka. Maganar wuya ban tambaye ta ba, domin tun ranar da muka dawo ba ta sakin jiki da ni, tana ganin kamar na fi damuwa da yaron. Amma ni na san 'yata, da akwai wani abu bayan marin da na gane. Zuwa wata cibiya kuwa ba zan iya ba sai da izinin maigidana, kuma yana Legas sai ƙarshen wata. Mahaifinta mutum ne mai zuciya, idan na gaya masa yanzu zai iya zuwa ya ɗauke ta ya kai wa matarsa, wadda ko lokacin shan maganinta ba ta sani ba. Ina tunanin in kai ta wani asibitin daban a duba kunnen kawai, sauran maganar kuma in jira maigidan ya dawo.

Anti Nas

Wani asibitin ba shi da fayil ɗinta na sikila, kuma likitan da ta amince ta buɗe wa baki shi za ki raba ta da shi. Ranar asibitinta ta yau da kullum ba ta buƙatar sabon izini, kin saba kai ta. Ki mayar mata da wayarta, ki koma wurin likitan nan a wannan mako, ki bar shi ya yi mata tambayar da kika kasa yi. Kuma har yanzu yaron yana zuwa gidan ko kin dakatar da shi?

Baban Sadik

Ni dai ina nan a kan bakana, a kira mahaifinta kafin ƙarshen wata.